Rigar Aikin Baba

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu ma lafiya, sai dai abin da zan faɗa miki kada ya kai kunnen Inna.

An sallami Baba daga masana'antar sabulu. Ƙarfinsa kaf can ya ƙare, suka biya shi da "mun gode". Amma kullum da safe sai ya sa rigar aiki a goge, ya karɓi kwanon abinci a hannun Inna, ya je rumfar mai gyaran rediyo ya zauna har a tashi aiki. Can na gan shi, Yaya, yana cin abincinsa a ɓoye kamar ɓarawo.

Ƙungiyarmu ta ma'aikata za ta je gaban kwamitin majalisa kan dokar biyan wanda aka sallama alawus har ya samu wani aiki, da fansho ga tsofaffi. Ni aka zaɓa in yi magana, don ni kaɗai na karanta daftarin, duk da karatuna na tsohuwar jarida ne. Na ce wa Baba zan ba da labarinsa. Ya ce in na ambace shi bai yafe ba.

Ki taya ni addu'a, kin san bakina.

Ƙaninki,
Barkono

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin autarki ya sauka.

Na yi maganar a gaban kwamitin, na ba da labarin Baba, amma na ce wani dattijo ne kawai. Shugaban kwamitin, yana latsa waya, ya ce irin wannan tatsuniya malalata ke ƙirƙirarta, in dattijon na nan a nuna shi. Zagi ya zo min har leɓe. Sai na ji an ja kujera a baya. Baba ne, cikin rigar aikinsa. Ya ce shi ne, kuma bai taɓa makara wurin aiki ba. Shugaban ya kife wayar.

Dokar dai an ce za a duba. Ba zan bar su su yi barci ba.

Da rana tsaka muka shiga gida tare. Baba ya fara kame-kame, Inna ta karɓi kwanon ta ce ya zauna, ai tun ranar da rigarsa ta daina ƙamshin sabulu ta sani.

A gaida yara.

Ƙaninki,
Barkono