Injin da Mma ke kunnawa ranar Juma'a

Zuwa ga Mai Girma Manajan kamfanin da ya kafa mana injin wanke-wanke a Maamobi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka da ma'aikatanka.

Yallaɓai, sunana Hajara. Ina da ɗan shagon atamfa a kasuwar Makola, kuma ina zaune da mahaifiyata, wadda kowa ke kira Mma, a gidan haya mai tsakar gida ɗaya a unguwar Maamobi, nan Accra. Ban so maganar nan ta fito bainar jama'a ba. Na yi ta sintiri a ofishinku har mai gadi ya saba da ni, yana tambayata jikin Mma, amma kullum sai a ce Manaja yana mitin. Tunda mitin ɗin ya ƙi ƙarewa, ga buɗaɗɗiyar takarda da kowa zai gani, ka karanta a ciki.

Ba ni na sayi injin ba. Ƙanwata Fatahiya ce, wadda take aikatau a wata ƙasar Larabawa. Can ɗin kwanukan mutane take wankewa. Ta ji cewa sanyin ƙashi ya kama yatsun Mma, ko soso ba ta iya matsewa, sai ta tara guminta ta yi ciniki da ku ta waya. Gab da Babbar Sallar bara motarku ta tsaya a bakin lungunmu, aka sauke shi, mata har daga Kotobabi suka zo kallo. Mma ta yi kukan daɗi a ranar. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Ga abin da ya biyo baya.

Na farko, aikinsa. Zan faɗi gaskiya: a watannin farko faranti da kofi suna fitowa tas. Amma mu ba faranti kaɗai muke ɓatawa ba. Tukunyar tuwon zafi yadda ta shiga haka take fitowa, sai dai ƙanzon ya yi wanka da ruwan ɗumi. Robar da ta ga manja kuwa, ja take shiga, ja take fita. Famfonmu ba kullum yake kawo ruwa ba, daga tanki muke ja, injin kuma ba ya son ruwan da ba ya zuwa da ƙarfi, sai ya tsaya yana ƙara. In aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, ruwan dattin nan yana ciki har a dawo da ita, ka buɗe ƙofa wari ya kore ka. Ma'aikacinku da ya kafa injin ya ga tankin, ya ga unguwar, bai faɗa mana ko ɗaya ba. Duk wannan na yafe, don wanke tukunya da hannu ba baƙon abu ba ne a gidanmu.

Na biyu, ƙarkonsa. Kafin azumi ya zagayo, robar bakin ƙofar ta saki, ƙasansa ya fara tsatsa, ruwa yana tsiyaya ya kwanta a barandar Mma. Injin da kuka ce zai yi shekaru bai ga Sallah biyu da lafiyarsa ba.

Na uku, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Fulogin injin ƙafa biyu gare shi, soket ɗin bangonmu ido uku. A gabana ma'aikacinku ya ɗauki tsinken ashana ya tura a idon sama, ya cusa fulogin, ya ce shi ke nan. Tsinken yana nan har yau. Daga baya mai gyaran wuta na unguwarmu ya bayyana mini cewa ta idon nan na uku ne wutar da ta kuɓuce take bi ta shige ƙasa, in babu shi kuwa sai ta zauna a jikin ƙarfen injin tana jiran mai taɓawa.

Da farko ɗan tsiri-tsiri muke ji a yatsa, muna dariya, maƙwabta na tsokanar Mma cewa injinta yana gaisawa da mutane. Sai wata rana da hantsi na dafa ƙofarsa ƙafata cikin ruwa. Yallaɓai, wuta ta ja ni ta maka ni da bango, hannuna ya wuni ba nawa ba. Bayan nan muka tarar da magen gidan kwance a gefen ruwan da ke tsiyaya, ta sandare, bakinta a jiƙe. Tun ranar dariya ta ƙare. Malam Seidu, dattijon da ke ɗakin kusa da namu, ya ɗauke butarsa daga inda ya yi shekaru yana alwala ya koma can bakin zaure. Iyaye mata sun ja wa 'ya'yansu kunne kada su bi ta ƙofarmu. Yanzu in injin ya fara gurnani, tsakar gidan da ba ta taɓa yin shiru ba sai ta yi tsit.

Na huɗu, amsarku. Da ƙyar kuka turo mutum. Ya naɗa baƙin salatif a wata waya, ya ce laifin wayoyin gidan ne, ya ce Mma ta riƙa sa silifas. Da ya tsaya ya dubi ƙofar da kyau, da ya ga takalmansa a waje, inda shi ma ya cire su kafin ya shigo. A barandar nan Mma take shimfiɗa dardumarta. Ba a taɓa taka ta da takalmi ba, kuma tsohuwa ba za ta fara yau ba saboda injin.

Na san abin da za ka ce: ku zare fulogin mana. Na zare. Ga inda maganar ta fi ƙarfina.

Kowace Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, uwar ɗakin Fatahiya takan ba ta hutu, sai ta kira mu ta bidiyo. Kafin ta tambayi kowa sai ta ce a nuna mata injin yana aiki. Fuskarta takan yi haske in ta ji ƙararsa, yarinyar da hannayenta suka yi kanta a gidan wasu. Mu kuma a Zongo, wato unguwanninmu na Hausawan nan ƙasar, ba a aika wa wanda ke baƙuwar ƙasa mugun labari. Ko rasuwa ce sai an yi ta rufa-rufa, don ba shi da kafaɗar da zai yi kuka a kai. Saboda haka duk Juma'a Mma takan idar da sallah, ta mayar da fulogin da hannunta, ta jera faranti masu tsabta a ciki, ta tsaya ba takalmi ta danna, tana murmushi ga waya. Da na ce zan yanke wayar da almakashi, ta dube ni ta ce, da Hausarta ta Zongo: "Yarinya ya sha wahala ya saya mini. In kin yanke, ko kin gaya mishi, ban yafe nonona ba." Kai ma uwa ce ta haife ka, ka san ba a tsallake wannan magana.

Ga shi hadari ya fara haɗuwa ta gefen teku. In ruwan sama ya sauka a Maamobi, gota, wato magudanar ruwan lungu, takan cika ta tumbatsa, barandar Mma ce farkon inda yake shiga. Tsoro nake ji, Yallaɓai. A shago ina auna yadi, da waya ta yi ƙara sai in saki yadin in ruga in ɗauka.

Don haka ina roƙon abubuwa kamar haka. Ku turo mutanenku da motarku da rigar kamfani, su ce wa Mma kamfani ne da kansa ya buƙaci injin don a canza shi. Daga hannuna ba za ta yarda ba, daga naku za ta yarda, kuma za ta sami abin gaya wa Fatahiya ba tare da ƙarya ba. In za ku kawo wani, ku zo da fulogin da ya dace da bangonmu da mai aikin da ya san darajar rai. In babu, ku ɗauke wannan ɗin kawai, ba na neman komai a kai. Sannan ku bi sawun ma'aikacin nan, don tun ranar da aka zo kallo na ji wasu gidaje a Nima da Alajo sun saya, kuma ina zaton da kwalin ashanarsa ya je musu.

Na san takardar nan tana iya kaiwa ga wayar Fatahiya, kuma Mma tana iya cewa na saɓa mata. Na auna, na ga zan iya rayuwa da fushinta.

Kafin ku zo, na yanke shawara. Daga wannan Juma'ar zan riƙa rufe shago da azahar in dawo gida. Tunda ba zan iya hana a kunna injin ba, ni zan riƙa dannawa, Mma ta riƙe waya. In motarku ta riga, alhamdu lillahi. In kuwa mitin ya sake riƙe ka, wata Asabar ka aiko a tambayi gidan mai injin wanke-wanke, kowa a unguwa ya san shi. Ɗan aikenka ba zai sha wuyar ganewa ba, zai tarar da tabarmin zaman makoki a ƙofar gida.

Allah Ya ja zamaninka, Ya albarkaci kasuwancinka, Ya raya maka mahaifiya in tana da rai, Ya jiƙanta in ta rigaya. Allah Ya sa kada ka taɓa tsayawa kana kallon hannun wanda kake ƙauna yana nufar abin da ka san zai iya kashe shi.

Wassalam.

Taka cikin girmamawa,
Hajara 'yar Mma,
Maamobi, Accra.