Noman Bahago a Gonar Baba

Gangara, ranar Lahadi

Yaya Kande,

Gaisuwa mai yawa gare ki da maigida da mutanen Cadawa. Na ba mai kabu-kabu takardar nan don maganar ba ta waya ba ce.

Tun da amalanke ya karya mini ƙafa ina kwance, ciyawa na neman shaƙe geron gonar Baba, kowa kuma na fama da tasa. Kin san ita ce abincinmu na shekara. To, kwana biyar ke nan wani yana nome ta. Matata Hamdiya ta je da hantsi ba kowa, ta koma bayan azahar ta tarar an yi layi goma. Ƙasa duk ta kwanta hagu, noman bahago. Babu sawun ƙafa ko ɗaya. Ta ajiye fura a gindin gawo, don ba a barin mai aiki da yunwa. Da ta dawo, an shanye, an wanke ƙwaryar, an kife.

Ita ta ce a kira malam. Ni tsoro nake ji, amma ina son geron nan. Me kika sani?

Ƙanenki, Baƙo

Cadawa, ranar Talata

Ƙanena Baƙo,

Muna amsawa, Allah ya ba ka lafiya. Kai da ko ƙadangare ke sa ka zabura, na san yanzu tsoro ya cika ka.

Kada ka kira kowa. Shekarar yunwa, wani makiyayi Sajo ya iso gidanmu, shanunsa duk sun mutu. Baba bai tambaye shi komai ba, ya raba tuwo da shi wata bakwai. A lokacin aka haife ka, shi ya sa ake ce maka Baƙo. Sajo bahago ne. Kullum yana cewa, "Maigida, in ruwa ya sauka ni zan nome maka gonar nan, sai ka ce ya isa." Ranar da ya fara, a layi na uku ya faɗi, rai ya yi halinsa. Can gonar aka rufe shi.

Ka san al'adarmu, wanda ya zo taya noma ba ya ajiye hauya sai mai gona ya zo da kansa ya yi masa sannu ya sallame shi. Fura ba sallama ba ce. Ka je.

Yayarka, Kande

Gangara, ranar Asabar

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban je ba. Ba zan yi miki ƙarya da ciwon ƙafa ba: na ce a raina in na sallame shi, wa zai ƙarasa? Saura kashi ɗaya cikin uku.

Amma abin ya canza. Layi goma ya koma huɗu, shi ma a karkace. Jiya Hamdiya ta tsaya a bakin gona da rana tsaka, ta ji numfashi a cikin gero, irin na tsohon da ya gaji, yana ja yana tsayawa. Furar ma ba a taɓa ba. Ta dawo tana kuka, ta ce ba ta ƙara zuwa.

Ina jin kunya. Amma yarana fa, Yaya, me za su ci?

Baƙo

Cadawa, ranar Litinin

Baƙo,

Na gaishe ka, amma raina a ɓace yake. Baba ya ciyar da mutumin nan bai sa shi ko ɗaukar tsinke ba. Kai ka same shi bayan ransa kana mora. In gero ya kasa, rumbuna na nan. Ka je yau.

Kande

Gangara, ranar Laraba

Yaya,

Gaisuwa. An kai ni a amalanke. Na zauna a inda noman ya tsaya, na ce, "Baba Sajo, sannu da aiki. Mun gode. Ya isa haka."

Geron gabana ya daina motsi. Sai na ji an sauke ajiyar zuciya dab da kafaɗata, aka ce a hankali, "Madalla, maigida."

Ciyawa za ta cinye sauran, na sani, kuma za mu nemi rumbunki kafin bazara. Duk da haka rabona da jin daɗi irin na yau har na manta.

Ki zo ki nuna mini kabarinsa. Ban san inda zan tsaya in yi masa addu'a ba.

Ƙanenki, Baƙo