Yadin da Inna Ba Ta Taya Ba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya ƙarin haƙurinmu?

Akwai abin da ban faɗa maka ba. Da na raka Inna Umara, komai sai ta taya a kasuwar Makka. Ba ta jin Larabci, amma da yatsu ta gajiyar da mai dabino har ya sallama. Wurin mai farin yadi kuwa, abin da ya faɗa ta biya. Ina ta mitar tsada, ta ce, "Wannan ba a tayawa, Hadiza."

Da shi muka yi mata sutura a Dangora.

Ka ci gaba da yi mata addu'a. Ka gaida yara.

Ƙanwarka, Hadiza