Darbejiyar da Ke Kan Cibiyar Ƙanena

Anti Maku, ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina. Ni ma'aikaci ne a gandun dajin da ke bayan ƙauyenmu, can wajen garin Dodowa. Darbejiya ta cinye mana daji. Filin da barewa ke kiwo a da ya zama duhuwa, ciyawa ta mutu. Mu sare nan ta tsiro can, don jemagu da birai na kwaso 'ya'yanta daga gidajen mutane. Sai aka yanke a kawar da duk wadda ke bakin iyakar dajin, ni ma na fi kowa ɗaga murya a taron.

To, babbar cikinsu a gidanmu take. A gindinta aka binne cibiyar ƙanena Narh, wanda ya rasu bara a hatsarin babur. Tun daga nan mahaifiyarmu can take tuƙa tuwon banku, can take wuni, har magana take yi wa itacen. Da na taɓo zancen sai ta ce, "Ɗan nan, barewa ce ta shayar da kai? Ɗauko gatarinka, amma da ni za ka fara." Maƙwabta kuma sun zuba ido, wai ba mai taɓa tasa sai mai wa'azin ya sare ta gidansu. Abinci ba ya shiga, in zauna in tashi. Ina son dajin nan har raina, amma tsohuwar fa?

Mai Gadin Daji

Ɗana, zauna tukuna. Kana da gaskiya: in ka bar taku, ba ka da bakin yi wa kowa magana, dajin kuma zai ci gaba da shaƙewa. Amma ita ma ba gardamar itace take yi ba, makoki take yi.

Ka lura, 'ya'yan ne ke ɓarna, ba gindin ba. Ka nemi shugabanka ya yarda a riƙa sassabe rassan duk shekara kafin ta yi fure. Sassabe ba ya kashe darbejiya, sai dai wahalar taka ce muddin tsohuwa na raye. A ba maƙwabta irin wannan zaɓi, kada a ce ka yi son kai. Ka dasa kanya a gefe don inuwar gaba.

Kada ka tura abokan aikinka, da hannunka za ka yi. Kafin nan ka tuɓe kaki, ka zauna kusa da ita, ku yi hirar Narh. Ina zargin tun rasuwarsa sunan itace kawai take ji a bakinka, ba nasa ba. Allah ya sanyaya zukatanku.

Anti Maku