Ɗorawar Huseina

Zuwa ga jikana Zaharaddini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya a Legas, Ya yi wa aikinka albarka. Yau Juma'a, ƙafafun nan sun hana ni zuwa masallaci, ka yi haƙuri da rubutun. Bagwai lafiya, gida ma lafiya, sai dai shiru ya yi yawa.

Kawunka Nababa ya nuna mini wasan da kake ƙirƙira a waya, mai aljanu da dodanni. Ya ce ka ƙara noman itatuwa a ciki, har sunana ka sa wa manomin. Na ga manomin ya dasa ɗorawa, kafin in gyara tabarau ta girma, ya kayar da ita daga tushe, ta zama katako. Aljanunka ba ruwana da su, amma wannan ban yarda ba. Mu nan reshe muke sarewa, mu bar uwar ta sake tofo. Turmi da itacen ƙirya ake sassaƙa shi, allo da aduwa, ita kuwa ɗorawa kalwa ake nema a wurinta don daddawa. Kuma mai gona daban, mai itacen cikinta daban. Ka gyara, ko ka cire sunana.

Ga abin da ya sa na yi zafi. Gonar bayan gida na bar wa Nababa, amma ɗorawar da ke tsakiyarta ta marigayiya kakarka Huseina ce, gadon mahaifinta, kuma har bana mahaifiyarka Maimunat ce ta tsinki kalwarta. Nababa ya ce inuwarta na kashe masa masara, wai ko a wasan jikana kayarwa ake yi, ya kira mai injin yanka daga garin Kunci ya zo ranar Alhamis. Na ce masa, "Sai dai ya fara da ni."

Ka gaida matarka Ramlat da abokan aikinka. Mahaifiyarka na gaishe ka. Allah Ya sada mu da alheri.

Kakanka,
Malam Abdulmumini

Jiya Alhamis na ja sandata, na shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawar, na jingina da ita tun hantsi har rana ta faɗi. Mai injin bai zo ba. Da ya zo ma, da ya sha faɗa, ni kuma da na samu abokin magana.