Muryar Baba Ayuba

Keffi, daren Juma'a

Kaina ciwo yake yi. Jibi za mu yi waƙa a taron majami'u a Gitata, ga shi gwajin yau ya watse.

Ba mu da ganga, ba mu da molo, muryar Baba Ayuba ce ke ɗora mu a hanya tun ina yarinya. Yanzu kunnensa ya yi nauyi. Yau ya ɗauko waƙa can sama, mata suka bi shi har muryarsu ta shaƙe. Samari suka ƙunshe dariya. Kowa ya zuba mini ido, tunda ni ce shugabar mawaƙan majami'armu.

Na raka shi gida Angwan Iya. A ƙofarsa na ce, "Baba, jibi ka bari ni in ɗauko waƙar."

Ya juyo yana murmushi. "Me kika ce, Rifkatu?"

Bai ji ba. Dole na ɗaga murya na maimaita, har mai shagon kusa ya waiwayo. Mutumin da ya koya mini waƙa ke nan nake yi wa ihu a titi.

Sai ya ce, "To. Ki ɗauko ta ƙasa-ƙasa, matan nan ba sa kaiwa sama." Ya shige gida ba ko sai da safe.

Ban san ko zai zo jibi ba. Ya Ubangiji, idan ya zo, ka ba ni ƙarfin buɗe baki a gabansa.