Kada Ku Taho, Inna

Assalamu alaikum Inna,

Da fatan ke da Husna da yara kuna lafiya a Umdurman. Yaya ƙafarki?

Ni lafiya lau, ina samun abinci. Sai dai ɗakin da na ce ku gudo ku zauna, babu shi. Otal ɗinmu na bakin Bahar Maliya, inda nake soya wa angwaye da amare kifi, sojoji sun karɓe shi. Akwatunan harsashi ne yanzu cikin wurin ninƙaya. Na roƙi babbansu, ya ce, "Nan bariki ne. Kai ma ba ka fita, girki za ka yi mana."

Kada ku taho, Inna. Ban san inda zan ce ku nufa ba. Ki sa mini albarka.

Ɗanki,
Sabitu